Yaƙin Tirmini: cin amana ne ya ci Damagaram?

"Malam, barka da hutawa. Ni ɗan Tirmini ne, ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye. Tun muna yara kakanmu yake faɗa mana cewa a ƙasar garinmu aka gwabza da Nasara, kuma wai da ba a ci amanar Sarki Amadu ba, da ba su shiga Damagaram ba. A aji kuwa layi ɗaya aka ba mu: Tirmini, 1899. Me ya faru takamaimai? Zancen cin amanar nan yana da tushe? Sannan ina son in rubuta tarihin garinmu tun tsofaffi ba su ƙare ba, ta ina zan fara?"

Barka kadai, ɗana. Tambaya uku ka ƙulla a igiya ɗaya: abin da ya auku, dalilin da ya sa aka ci mu, da yadda za ka tattara labarin. Ta biyun ita ce mai zafi, don haka a kanta zan fi daɗewa. Sunayen Turawan zan bar su yadda suke rubuta su, saboda haka za ka same su in ka shiga takardu.

Kafin a zo Tirmini

Wanda ya bi titin Takeita zuwa Zinder yau, in bai kula ba, zai wuce Tirmini bai ankara ba. Amma mai zuwa daga yamma a 1899, da dawaki da ƴan dako da shanu, nan ne zangonsa na kusa da ƙarshe kafin ya hango ganuwar Zinder, babban birnin Damagaram. Abin da ya sa sunan garinku ya shiga tarihi ke nan: yana bakin ƙofa.

Damagaram ɗin da Faransawa suka tarar ba ƙaramar daula ba ce. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya zagaye Birni da ganuwa, ya tara bayi ƴan bindiga, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ana haɗa albarushi. Ayarin Larabawa da Buzaye daga arewa nan suke sauke kaya a Zango. Amadu ɗan Tanimun ya hau gado a 1893, kuma laƙabinsa kaɗai ya ishe ka bayani: Kuren Daga. Ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, Kanawa ba su manta da shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka tsoro ne ya ci Damagaram, bai san wanda yake magana a kai ba.

Sai dai ta gabas akwai abin da yake hana Sarki barci. Rabe ya ci Barno a 1893, ya zauna Dikwa, ga shi kuwa Damagaram a da Barno take kai wa gaisuwa. Ana cikin wannan hali, a 1898, wani kyaftin Bafaranshe mai suna Cazemajou ya sauka Zinder da ƴan tsirarun sojoji, kuma niyyarsa ya wuce wajen Rabe. Ka sa kanka a matsayin Sarki: baƙo da bindigogi na zamani zai je ya ƙulla magana da babban abokin gabarka. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive. Sojojinsa baƙaƙen fata suka yi ta kare kansu, daga baya suka janye yamma da labari. Daga ranar Faransa ta riƙe Damagaram da bashin jini.

Masu zuwa karɓar bashin su ne rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, wadda aka tura ta kai Tafkin Cadi. Ba sai na tsaya a kan ta'asarsu ba, ka san ta: ƙona garuruwa tun daga bakin Kwara, karo da Sarauniya a Lugu cikin Afrilu 1899, kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin Mayu. Da labari ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a bakin hanya. Laftana Pallier ya karɓi runduna, tare da Joalland da Meynier, suka doshi Zinder.

Ranar kanta

Ƙarshen watan Yuli ne, damina ta zauna, hatsi ya tashi, mutane suna gona. A lissafin malamai shekarar 1317 ce ta Hijira, cikin Rabi'ul Awwal. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani nan gaba. Sarki Amadu bai jira a cikin ganuwa ba, ya fito da barade da ƴan bindiga da ƴan baka ya tare su a Tirmini. Aka kara, rundunar Damagaram ta karye, ran 30 ga Yuli Faransawa suna cikin Zinder. Sarki ya janye da waɗanda suka bi shi, bai miƙa wuya ba, har aka cim masa ran 15 ga Satumba 1899 a Rumji aka kashe shi. Ka san al'adarmu ta kiran sarki da wurin da ya cika, kamar yadda Kanawa suke cewa Abdullahi Maje Karofi. To shi ya sa za ka ji ana ce masa Maje Rumji, wasu kuma su ce Maje Rinji.

Ɗalibai sun sha tambayata me ya sa ya bar ganuwar ubansa ya fito fili. A ganina lissafi ne, ba ganganci ba. Birnin Ƙonni ma tana da ganuwa, kuma labarin abin da aka yi wa mutanen cikinta ya riga rundunar isowa. Ganuwar ƙasa tana tare doki da kibiya, ba ta tare igwar Bature. Ƙarfin Damagaram kuma a kan doki yake, doki kuwa fili yake so. In an rufe ƙofa an ci gari, mata da yara ne za su biya. In an fita an kara a waje, ko an sha kashi gari yana da lokacin watsewa. Wannan fahimtata ce, ba nassi ba, amma ta fi dacewa da halin mutumin da muka sani.

Zancen cin amana

Kakanka ba shi kaɗai yake faɗin haka ba, kuma ba na son ka ɗauke shi maƙaryaci. Na ji wannan magana a zauruka da dama. Abin lura shi ne, kusan duk garin da Turawa suka ci, daga nan har Sakkwato, za ka tarar da irin wannan labari: wani ya jiƙa albarushi, wani ya nuna hanya, wani ya karya asiri. In labari ɗaya yana fitowa a ko'ina da sunaye daban, to mai tarihi ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa wace buƙata labarin yake biya. Buƙatar a fili take. Ya fi sauƙi a zuciya a ce namu ne ya sayar da mu, da a ce ƙarfinmu ne bai kai ba.

Amma hayaƙi ba ya tashi babu wuta. Abu biyu ne suka ba zancen ƙafa. Na farko, da Faransawa suka shiga, ba baƙo suka naɗa ba, ɗan'uwan Sarki suka ɗora, Amadu ɗan Basa. Duk wanda ya ga ƙane a kan karaga alhali wa yana daji ana farautarsa, ka san abin da zai raya. Na biyu, manyan fatake irin su Malam Yaro sun yi hulɗa da sababbin masu gari, don ɗan kasuwa hanya a buɗe yake so ko wa ke mulki. To amma dubi ƙarshen su biyun. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, hankalin Turawa duk a tashe, Faransawa suka zargi wannan Amadu ɗan Basa da shirya makircin hallaka su, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, Malam Yaro ma bai tsira daga kamun ba. Suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari, sarautar gidan ba ta dawo ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Mutumin da aka kora don ana tsoron zai yanka Nasara, da wuya ka rufe littafinsa da kalma ɗaya, maci amana.

Abin da ya ci yaƙin, in ka tambaye ni, yana hannun sojoji ne, ba a fada ba. Ɗan bindigar Damagaram harba-ka-ruga yake riƙe da ita: ya zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya danna da sanda, ya harba sau ɗaya, in damina ce ma ya yi addu'a kada albarushin ya yi sanyi. Sojan Faransa kuwa ta gindi yake ɗura harsashi, ya harba sau da yawa kafin namu ya sake ɗuri, kuma harsashinsa yana isa inda namu ba ya kaiwa. Sun saba tsayawa sahu, su saki wuta gaba ɗaya da umarni ɗaya. Barde da lifidi da kwalkwali, wanda kibiya ba ta huda shi, sai ya ratsa wannan tazara kafin mashinsa ya yi aiki, lifidi kuwa auduga ce. Ga su da igwa ta zamani, Joalland ma aikinsa ke nan, hafsan igwa ne. Jarumtar da take cin yaƙi a ƙasar Kano ita ce take kai mutum bakin wuta a Tirmini. Ko da babu munafuki ko ɗaya a Damagaram, wannan lissafi ba zai sauya ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Turawan da ke cikin rundunar nan ba su kai goma ba. Waɗanda suka ja kunamar bindiga ƴan Afirka ne, yawancinsu daga ƙasar da ake kira Mali yau, Bambarawa da maƙwabtansu, ga ƴan dako da aka kamo a hanya. In ka rubuta "Turawa sun yi kaza", yaro zai zana fararen fata dubu a ransa. Ka gaya masa yadda abin yake.

Yaƙin da bai da rana

Ga inda nake son ka buɗe kunne, don nan ne littafinka zai bambanta da layin da aka ba ka a lakwal. Ga sarakuna, yaƙi ya ƙare a Satumba 1899. Ga talakan Tirmini kuwa sannan ya fara. Joalland da Meynier sun tashi zuwa Cadi a Oktoba. A Nuwamba wata rundunar Faransa, ta Foureau da Lamy, ta iso daga Aljeriya ta Agadas, a galabaice, ta zauna Zinder ta murmure kafin ta wuce Kuseri, inda aka kashe Rabe da Lamy rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900. Waɗannan ɗaruruwan bakuna da dawakinsu, hatsin wa suka ci? Wa ya ɗauki kayansu a ka? Ƙauyukan da ke kewaye da birni, musamman na bakin hanya.

Daga nan abin ya zama jiki. Zinder ta zama hedikwatar mulkin soja, daga 1911 ita ce babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Kusanci da bariki ba alheri ba ne ga manomi: lanho, aikin tilas na hanya da gini, ciyawar doki, itace, ruwa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta faɗo a kan wannan. Kafin a farfaɗo aka shiga yaƙin duniya na farko, sannan Kawusan, jagoran boren Buzaye, ya tsare Agadas daga Disamba 1916, kuma daga Zinder rundunar da ta kwance tsarewar a Maris 1917 ta tashi, da raƙuma da guzurin da aka tatsa daga ƙasa. A yaƙin duniya na biyu kuma muka samu kanmu a tsaka mai wuya: Nijar tana bin gwamnatin Vichy, wato ta Faransa da ta bi Jamus, Najeriya tana hannun Ingila, Cadi ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, tun Agusta 1940. Aka rufe iyaka har ƙarshen 1942. Mutumin da kasuwarsa Kano, surukansa Daura, ya wayi gari zuwa can laifi ne. Wasu suka koma fasa-ƙwauri da dare, wasu samari suka tsallaka kudu gudun ɗibar soja, ba su dawo ba. Aikin tilas bai faɗi a doka ba sai 1946. Duk gidan da ka shiga a garinku, in ka iya tambaya, akwai reshen da ya ɓata a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru.

Ta inda za ka fara

Bari in ba ka kuskurena, kada ka maimaita. Lokacin da na fara yawo da rakoda mai kaset, ina saurayin malami, na je wani ƙauye yamma da birni. Na sauka ƙofar maigari kamar yadda ya kamata, na raba goro, aka tara mini dattawa. Na kwashe kaset biyu ina murna. Da na dawo gida na saurara, sai na ga mutum biyar labari ɗaya suka ba ni, kusan kalma da kalma, don babba ya fara magana sauran suka bi sawunsa. Wa zai ƙaryata yayansa a gaban baƙo? A zuwa na uku ne, ina jiran rana ta yi sanyi, matar mai masaukina ta ce in shiga in gaida tsohuwa. Na same ta a bakin ɗaki tana kaɗi, mazari yana juyawa a kan ƴar fata, alli a yatsunta. Ban ma kunna rakoda ba. Ita ba ta san sunan Bature ko ɗaya ba, ba ta san shekara ba. Amma ta san inda kakarta ta ce sun haƙa rami sun binne hatsi suka shimfiɗa taki a kai, ta san dutsen da mata suka kwana a bayansa, ta san rijiyar da aka daina sha, da sunan yarinyar gidansu da aka tafi da ita. Rabin awa na samu abin da kaset biyu ba su ba ni ba.

Saboda haka ka gaida maigari da liman tukuna, wannan dole ne, amma hira ka yi ta da mutum ɗai-ɗai, a gidansa. Ka nemi tsofaffin mata, ka tafi da ƙanwarka ko matarka in shiga zai yi wuya. Ka nemi gidan maƙera, gidan wanzamai, da makaɗa, don kirari yana riƙe sunan da hira ta yar. Kada ka ce "ba ni tarihin yaƙin Tirmini", za a karanto maka abin da aka ji a rediyo. Ka tambayi abu ƙarami: wannan gona me ya sa ake kiranta haka, wa ya haƙa rijiyar nan, kakanka a ina aka binne shi, danginku na Najeriya yaushe suka tafi. Kowace hira ka fara da tambayar wa ya gaya masa, kuma shi wancan ya gani ne ko ji ya yi. Wanda ya ga ranar da idonsa babu shi a duniya yau, abin da za ka samu jiyau ne na jiyau, don haka salsalar tana da daraja kamar labarin. In biyu sun saɓa, rubuta duka biyun da sunan gidan da kowanne ya fito, kada ka yi musu sulhu da alƙalaminka. Zancen kakanka ma haka za ka sa shi, a matsayin abin da gidanku ya riƙe.

Shekaru kuwa kada ka matsa wa tsoho da lamba. Ka jingina da abin da ya sani: kafin Kakalaba ko bayanta, zamanin Ballama ko na Barma Mustafa, kafin a rufe iyaka ko bayan an buɗe. Kai ne za ka mayar da su lamba a gida.

Takardu suna nan fiye da yadda ake zato. A gidan wani tsohon soja an taɓa fito mini da gwangwanin shayi, cikinsa tsumma, cikin tsumma ɗan littafin soja da gara ta ci gefensa. Jikokin suna ajiye da shi kamar laya, ba mai iya karantawa. A ciki ga lambarsa, ga shekarar da aka ɗebe shi, ga wuraren da aka kai shi. Irin wannan kada ka karɓa ka tafi da shi ko an ba ka, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya a cikin inuwa, ka karanta musu abin da ke ciki, ka mayar. Wajen malamai kuma ka roƙi a duba maka bangon tsofaffin littattafai da gefen shafi, nan suke rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar tashin hankali. A nan 1317 ɗin nan za ta yi maka aiki.

Na Turawa, Joalland ya rubuta labarin tafiyarsu da kansa. Ka karanta, amma da sanin cewa mai nasara ne yake ba da labari, kuma mutum ne da ke son wanke kansa daga abin da aka yi a Dankori. Duk adadin mayaƙa ko na gawa da ka gani a rahoton soja, ka tuna wanda ya ƙirga yana neman ƙarin girma ne. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, ya yi littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, da shi za ka fara. In ka samu zuwa Yamai, a ma'ajiyar takardun ƙasa ka nemi rahotannin rangadi na kumandan Zinder, nan ake samun sunan ƙauye, yawan gidaje da abin da aka karɓa. Cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai kuma tana da rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Iyakata ita ce, ni malamin aji ne mai yawon hira, ba masanin tonon ƙasa ba. In manomi ya kawo maka kan mashi ko likkafa ko kwanson harsashi da garma ta tono, kada ka kankare tsatsar, kada ka sa yara su je haƙa. Rubuta gonar wa, ta wane gefe, wace shekara, ka ɗauki hoto da ƴar dala a kusa don a gane girmansa, sannan ka kai maganar sashen tarihi na jami'a. Hirar kuma kowace ka tura kwafinta wata wayar a daren da ka yi ta. Kaset ɗina na farko guda goma sha ɗaya zafin ɗaki ya narkar da su a cikin akwati, har da muryar mutanen da ba zan sake samu ba.